Daga DVD Zuwa Blu-ray: Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk ma'abocin kallo da ya ba shekara arba'in baya, akwai fim ɗin da 'yan kasuwa suka sayar masa fiye da sau ɗaya. Ya saya a kaset, zaren ya gaji. Ya sake saya a CD, faifai biyu a leda guda. DVD ya zo aka ce masa ga fim ɗin nan dungurungum a faifai ɗaya, ya sake zura hannu aljihu. Bai gama jera su a kanta ba sai ga kamfanonin Japan da na Amurka a shekarar 2006 suna cewa duk abin da ya tara dishi-dishi ne, ainihin hoton yana cikin wani sabon faifai mai shuɗin gida. A Amurka da Turai an yi shekaru ana tafka musu a kan ko ya dace mutum ya sake sayen abin da yake da shi a ɗaka. Yanzu ƙura ta lafa, shi kansa faifan yana neman zama tarihi, don haka ana iya duba maganar a tsanake.

Ba kyan hoto ne ya raba mutane da kaset ba, wahala ce. Wanda ya yi zamani da bidiyo ya san ta. Ka karɓo kaset a shagon haya ka tarar wanda ya riga ka bai tariyo shi ba. Inji ya cafke zare ya tauna, sai an kwance murfi an zaro shi a hankali ana naɗewa da yatsa. Kan bidiyo ya yi datti, hoto ya cika da layi-layi, a shiga neman auduga da sifirit. Kowane kallo yana ɗan cin kaset, kowane kwafi kuma ya fi uwarsa muni. Da DVD ya fito a Japan a Nuwamban 1996, ya shiga Amurka a Maris ɗin 1997, sai ya share waɗannan matsaloli a tashi ɗaya. Babu tariya, babu tauna zare, kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa waƙar da kake so, kana iya zaɓar fassarar da za ta fito a ƙasan allo. Kuma bai ce sai ka canza talabijin ba. Wanda kake da shi a falo, shi za ka jona.

Mu nan ƙasar Hausa mun fi kowa tabbatar da wannan, don kafin DVD ya wadata sai da muka yi dogon zango a kan VCD, wanda kowa ke ce wa CD kawai. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Bai fi na kaset mai lafiya ba, a wurin gudu ko rawa ma sai ka ga hoton ya farfashe gida-gida. Faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa fim ɗin Amurka ke zuwa biyu, na Indiya sau da yawa uku. Ana tsakiyar dambe sai allo ya yi shuɗi, a ce wa yaro tashi ka sa na biyun. Duk da haka aka yi watsi da kaset aka rungume shi, domin injinsa ɗan Chana ne mai arha, faifan ba ya cin wuri, kwafarsa a kwamfuta kuwa aikin 'yan mintoci ne. 'Yan Ƙofar Wambai da Bata a Kano, da takwarorinsu na Alaba a Legas, sauƙi suke sayarwa, kuma sauƙin mutane ke saya.

Shi Blu-ray ba sauƙi ya kawo ba. Faɗinsa ɗaya da DVD, santimita 12, haka ake sa shi, haka ake cire shi. Bambancin yana cikin hasken da ke karanta shi: DVD jan haske yake aiki da shi mai tsawon zango nanomita 650, shi kuwa shuɗi mai ratsin shunayya, nanomita 405, wanda ya fi sirantaka, don haka ana iya matse rubutu ƙanana ƙwarai a jikin faifan. Inda DVD ke ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, Blu-ray na ɗaukar 25, mai hawa biyu 50. Wannan filin ne ya ba da damar hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. DVD na tsarin PAL, irin na talabijin ɗinmu, 720 ne da 576. In ka buga lissafi, 2,073,600 ke nan a kan 414,720, ninki biyar cif. In da VCD za ka gwada, ya haura ninki ashirin. A takarda babu gardama.

Gardamar a kasuwa take. Da farko ma faifai biyu ne suka fito suna takara. Toshiba ya zo da HD DVD, Microsoft da Universal suna bayansa. Sony da Panasonic suka zo da Blu-ray, Disney da Fox suna tare da su. Injin wannan ba ya karanta faifan wancan, fim ɗin da ke nan ba lalle ka same shi can ba. Sony ya taɓa shan ƙasa a irin wannan kokawa lokacin da VHS na JVC ya kayar da Betamax, saboda haka wannan karon bai yi sake ba: ya dasa Blu-ray a cikin PlayStation 3 da ya fito a Nuwamban 2006, sai ya zamana duk gidan da aka sayi injin gem an sayi injin faifan ko ba a yi niyya ba. Injin Blu-ray na farko da Samsung ya fitar kusan dala dubu ya kama, na Toshiba mai arha dala 499. Ranar 4 ga Janairun 2008 Warner Bros ya ce zai koma buga Blu-ray kaɗai, ranar 19 ga Fabrairu Toshiba ya miƙa wuya. Waɗanda suka yi rawar ƙafa suka sayi HD DVD aka bar su da inji a kanta, babu sabon fim da zai ƙara zuwa masa. Wanda ya naɗe hannu ya jira bai rasa komai ba, sai ma farashi da ya sauko ya same shi.

Ko bayan an gama wannan rigima, sabon faifan ba ya tafiya shi kaɗai. Tsohon talabijin mai ƙeya ba zai nuna maka ko ɗigo ɗaya na ƙarin ba. Sai ka sayi filasma mai HD, ka sayi wayar HDMI, in kuma kana son ingantaccen sautin da aka zuba a ciki sai ka jera lasifikoki kewaye da falo, don bakin talabijin ba zai fitar da shi ba. Sannan ga ido, wanda yake da iyakar abin da yake rarrabewa. A allo mai inci 32 sai ka matso kusan mita ɗaya da kwata kafin ka kwashe duk abin da hoton 1080 ya ƙunsa. A inci 50, wajen mita biyu. A falonmu kuwa talabijin na manne a wancan bango, maigida da ya biya kuɗin yana kishingiɗe a doguwar kujera a wannan bango. Yaran da ake yi wa tsawa su ja da baya kada idonsu ya lalace, su kaɗai ne ke zaune a inda kuɗin ke fita.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda mai shago ba zai gaya maka ba, shi ne asalin fim ɗin. Faifai guga ne: in rijiya ba ta da ruwa, girman guga ba ya ƙara komai. Mutane da dama sun ɗauka sabon fim ne ke cin moriyar HD, tsoho kuwa ya riga ya tsufa. Sau tari akasin haka ne. Finafinan da aka ɗauka a zaren sinima mai faɗin milimita 35 suna ƙunshe da bayanin hoto wanda ya zarce abin da DVD ke iya nunawa nesa ba kusa ba. Abin yana nan kwance a jikin nagetif shekara da shekaru, kaset da CD ne suka kasa ɗebo shi. Lawrence of Arabia na David Lean, fim ɗin 1962, a zare mai milimita 65 ma aka ɗauke shi, kuma a 2012 da ya cika shekara hamsin aka sake yi masa sikanin aka fitar da shi a Blu-ray. Akwai wurin da Omar Sharif ke tahowa a kan raƙumi daga can ƙarshen sahara, cikin kawalwalniya. A kaset baƙin tabo ne kawai, ba ka san me kake kallo ba har sai ya matso. A Blu-ray kan babban allo kana ganin ɗan ɗigon tun yana rawa cikin hucin rairayi, yana girma kaɗan-kaɗan, hankalinka na tashi tare da na mutum biyun da ke tsaye suna jiransa. A kan wannan jiran darakta ya gina wurin gaba ɗaya. Wanda bai ga ɗigon ba, labari ya ji, bai ga fim ɗin ba.

Haka The Message na Moustapha Akkad, na 1976, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, fim ɗin da gidaje da yawa a nan suka kalla har kaset ya koɗe, musamman da azumi. An gyara shi daga asalinsa aka sake haska shi a sinimomin ƙasashen Larabawa a 2018. Yawancinmu kwafin kwafin kwafi muka sani, an datse gefe da gefe don ya cika talabijin mai kusurwa huɗu, rabin rundunar da ke filin daga tana waje da allo. Irin wannan fim, in Allah ya hore maka, sake sayensa ba almubazzaranci ba ne.

Akwai ma wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Sinima hoto 24 take haskawa a daƙiƙa, tsarin PAL kuwa 25. Hanyar da aka saba bi wajen buga DVD na PAL ita ce a ƙara wa fim gudu da kashi huɗu cikin ɗari. Fim ɗin awa biyu sai ya rasa kusan minti biyar, murya da kiɗa su ɗan ɗaga sama. Blu-ray ya mayar da abin 24 yadda yake. Mai kunnen kiɗa yana jin bambancin.

To amma juya ta ɗaya gefen. 28 Days Later na Danny Boyle, na 2002, kusan dukkansa da ƙaramar kyamarar Canon mai ɗaukar kaset ɗin MiniDV aka yi shi, da gangan. An buga shi a Blu-ray, an sa masa farashin Blu-ray, amma hoton bai wuce abin da kyamarar ta ɗauka ba, kuma ba zai taɓa wucewa ba. Wani lokacin kuma asalin yana da kyau, masu bugawa ne ke ɓata shi. Zaren sinima yana da ɗan tsaki-tsaki a jikinsa, wanda shi ne ainihin ƙwayar hoton. Wasu kamfanoni suka ga masu sabon filasma na ƙorafin hoto bai yi sumul ba, sai suka sa kwamfuta ta goge tsakin. Predator na 1987 da aka sake bugawa a 2010 ya yi ƙaurin suna a kan haka: fuskar Arnold Schwarzenegger, wanda mu nan Kwamando muka san shi, ta fito santsi, babu ramin gashi, babu tamoji, alhali mutum ne da ke birgima a dajin da gumi da taɓo suka yi masa kaca-kaca. Masu son fim ɗin da yawa suka gwammace tsohon bugu. Shuɗin gida ba shaidar inganci ba ne, sai ka bincika yadda aka buga wannan fim ɗin takamaimai.

Wannan ya kawo ni kan namu. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, da su Sangaya da Wasila da suka tayar da kasuwa a wajejen 2000, duk a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su. Ko an zuba su a faifai mai gigabait 50, hoton da ke jikin kaset ɗin shi ne iyaka. Kasuwar finafinan Hausa ba ta taɓa komawa Blu-ray ba, kuma ban ga laifinta ba. Kasuwa ce da ta tsaya a kan faifai mai arha da saurin kwafa, shi kuwa Blu-ray an zagaye shi da makullai don a hana kwafar. Har duniya aka raba masa gida uku: Amurka na yankin A, Afirka da Turai na B, Indiya na C, ta yadda wanda ya yi sautun faifai daga Amurka yana iya tarar da injinsa ya ƙi karɓa. DVD ma yana da irin wannan rabon, Najeriya na yanki na 5, sai dai injinan Chana ba su san da zancen ba, komai ka ba su ci suke. Injinan Blu-ray na farko kuma nawa gare su wajen tashi, wasu faya-fayan sai an sabunta manhajar inji kafin su yi, da yawa kuma in an katse su ba sa ci gaba daga inda aka tsaya. A garin da ake iya ɗauke wuta sau biyu kafin fim ya ƙare, wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Abin da ya iso mana a maimakonsa shi ne tambarin kawai. Faya-fayan nan na goma-a-ɗaya da ashirin-a-ɗaya, waɗanda ake tallarsu a baro da bakin tasha, sau da yawa za ka ga an buga alamar Blu-ray a kwalinsu, alhali DVD ne tsurarsa. Raba gigabait 8.5 gida goma, kowane fim bai samu ko gigabait ɗaya ba. Wato a daidai lokacin da Turawa ke musu a kan ƙarin ɗigo, mu ragi muke saya da kuɗinmu, muna murna an ba mu da yawa. Daga nan kuma sai waya ta shigo. Aka koma kai memori shagon 'yan turi, Arewa24 ta buɗe a 2014, masu dogon zango irin su Izzar So suka tare a YouTube. Yau ana ɗaukar fim ɗin Hausa da kyamarori masu HD har da 4K, amma a ƙarshe a waya mai allon tafin hannu ake kallonsa, an rage ingancin zuwa ƙasa don kada data ta ƙare.

Kada a ce mu kaɗai ne. Su ma masu abin haka suka yi. Netflix ya fara haska finafinai ta intanet a Janairun 2007, Blu-ray bai ko cika shekara a kasuwa ba. Hoton intanet na lokacin bai kai na faifai ba ko kusa, amma ba sai ka tashi daga kujera ba, sai jama'a suka bi shi. Fiye da shekara goma bayan fitowar Blu-ray, DVD ne ke gaba a yawan faifan da ake sayarwa a Amurka. A 2016 aka fito da Blu-ray mai 4K, ɗigo 3840 da 2160, ya tsaya a hannun 'yan gani-kashe-nin fim. Samsung ya daina fitar da sababbin injinan Blu-ray a Amurka a 2019. Netflix ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023. Manyan kantunan Best Buy suka kwashe faya-fayai daga kantocinsu a farkon 2024, LG ma ya daina ƙera injinan a ƙarshen shekarar.

Abin mamaki, yanzu da faifan ke ja da baya ne hujjarsa ta fi ƙarfi, sai dai hujjar ta canza. Blu-ray na iya zubo hoto har megabit 40 a daƙiƙa, alhali Netflix megabit 5 yake cewa ya isa a kalli 1080 ɗinsa. Lambar ɗaya ce, matsewar ce ta bambanta, kuma a wurin duhu, ko hayaƙi, ko ruwan sama ake kama ta, inda baƙi ke rarrabuwa hawa-hawa. Sannan ga batun mallaka. A ƙarshen Agustan 2022 mutanen Jamus da Ostiriya da suka biya kuɗi suka sayi finafinan StudioCanal a kantin PlayStation na intanet suka rasa su, saboda yarjejeniyar kamfanonin biyu ta ƙare. Faifan da ke kantarka babu yarjejeniyar da za ta shigo ɗaka ta ɗauke shi, kuma ba ya tambayarka ko akwai sabis.

Hukuncina dai shi ne, ga yawancin mutane da yawancin finafinai, canjin bai biya kuɗinsa ba, kuma waɗanda suka ƙi zubar da DVD ɗinsu sun yi daidai. Fim ɗin barkwanci, ko na zaman falo da hira, ko wanda kallo ɗaya za ka yi masa, DVD ya ishe shi, balle injin Blu-ray yana karanta DVD har ya ɗan gyara masa zama a babban allo. Wanda yake da talabijin mai inci 50 ko fiye, yake kuma zama kusa da shi, yana da 'yan finafinan da yake komawa gare su duk shekara, waɗanda aka ɗauka a zaren sinima aka kuma buga su da amana, to waɗannan kaɗai ya sake saya, tun ana samun inji.

Darasin da ya fi shafarmu kuwa yana cikin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ya gyaru ne saboda asalin yana nan. Finafinan Kano na zamanin kaset ba su da wannan gatan in ba a tashi tsaye ba, don zaren bidiyo zafi da ƙura da laima suna cinye shi, injinan da ke karanta shi kuma sun zama sai an tona. Duk furodusan da ke da uwar kaset ɗin fim ɗinsa a kwali ko ƙarƙashin gado, ya fito da ita a juye ta a kwamfuta tun tana karantuwa. Masu ɗauka da 4K a yau kuma su daina goge asali bayan sun ɗora a YouTube. Su ajiye shi cikakke a wuri biyu daban, su kai kwafi ɗaya ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos.